Kududdufi, Taki da Jakara: Waiwaye kan Yadda Birnin Kano Ya Rabu da Ruwansa

Ilimin alaƙar halittu da mazauninsu, wanda masana ke kira ikoloji tun lokacin da Bajamushen nan Ernst Haeckel ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1866, ya daɗe yana nazarin daji da tafki da fadama kafin ya waiwayo ya dubi birni, domin an ɗauka cewa birni wuri ne da ɗan Adam ya ƙwace daga hannun halitta ya shimfiɗa nasa tsarin a kai. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka sami irin su Herbert Sukopp, wanda ya bi kangaye da kufan birnin Berlin yana ƙididdige tsirran da suka fito a cikinsu bayan yaƙi, da Ian McHarg a Amurka, wanda a littafinsa na 1969 ya dage cewa kafin a yanka fili a gina gida wajibi ne a fara sanin ta inda ruwa yake bi, da irin ƙasar da ke wurin, da abin da ke rayuwa a kanta. Jigon wannan tunani shi ne cewa birni ma yana ci yana sha, yana kuma fitar da abin da ya ci, kuma lafiyarsa ta rataya ne a kan ko abin da ya fitar yana da hanyar komawa inda ya fito. Wannan komawa ita ake kira kewayen abubuwa, wato yanayin da sharar wani sashe take zama abincin wani sashe, ta yadda ba a tara komai a wuri guda har ya zama annoba. Birnin Kano ya dace a auna wannan tunani a kansa, saboda ya yi ƙarnoni yana tafiya a kan irin wannan kewaye ba tare da kowa ya ba shi suna ba, sannan cikin abin da bai kai shekara ɗari ba ya tsinke kusan dukkan igiyoyinsa.

Tsohon birnin ya zauna ne tsakanin duwatsun Dala da Goron Dutse, a kan ƙasar da ruwanta ke gangarawa zuwa rafin Jakara, wanda ya ratsa birnin ya nufi arewa maso gabas, yayin da kogin Challawa ke kwashe ruwan kudancin garin. Dukansu biyu kuma a ƙarshe cikin kwarin Haɗeja suke zubawa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Jakara a matsayin kurmi mai duhuwa da baƙin ruwa, wanda mutanen zamanin Barbushe ke girmamawa, kuma sunan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shaida ce ta abin da ke wurin kafin rumfuna. Sunayen unguwanni ma kundi ne ga mai lura: Kurna da Ɗorayi da Durumin Iya da Rimin Kira da Kukar Bulukiya duk daga itatuwa suka samo suna, Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki daga ruwan ƙasa, Kwarin Gogau kuwa sunansa kaɗai ya isa ya gargaɗi mai niyyar gini a cikinsa. Badalar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, an faɗaɗa ta har ta haɗiye gonaki da makiyaya, domin garin da aka yi wa ƙawanya yana buƙatar abinci a cikin ganuwa. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo a 1824, ya kiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin badala ba, sauran duk gonaki ne da lambuna da ruwa.

A cikin wannan tsari babu abin da ya kai kududdufi muhimmanci, kuma babu abin da aka raina kamarsa. Asalinsa rami ne da magina suka haƙa suna ɗibar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa a murza tubali, a shanya shi a rana, a ɗora katanga da soro. Saboda haka kowace unguwa da ta tashi sama sai ta bar rami a gefenta daidai girman ginin da ta yi, kamar yadda badala ta bar doguwar gwalalo a bayanta. Idan damina ta sauka, ruwan da indararo ya watso daga kan soraye yakan bi lungu ya gangara cikin wannan rami, ya kwanta a can maimakon ya shiga ɗakuna, daga nan ya riƙa tsatsafowa cikin ƙasa sannu a hankali yana ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye har tsakiyar rani. A bakinsa ake shayar da dabbobi, ana wanki, magina na ɗibar ruwan yaɓe idan lokacin gyaran katanga ya zo, masu jigo na ban ruwan ɗan lambun alayyafo da albasa, a cikinsa kuma akwai tarwaɗa da gaiwa da kwaɗi da kainuwa da bado, waɗanda kowannensu yana cin wani abu daga dattin da ruwan ya kwaso. Katangar da ta zaizaye kuwa ƙasarta cikin ramin take komawa, a sake haƙo ta baɗi. Abin da injiniyoyin zamani ke zanawa a takarda su kira shi tafkin riƙe ruwan sama, su kuma nemi kuɗi masu yawa don haƙa shi, shi ne abin da tsohon birnin ya samu kyauta a matsayin ragowar aikin gini.

Kewaye na biyu shi ne na taki, wanda ya ɗaure birnin da ƙauyukan da ke zagaye da shi. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960 yana neman dalilin da ya sa ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, a yankin da jama'a suka yi cunkoso, ba ta mutu ba. Wani babban sashe na amsar yana kan bayan jaki. Da rani manomi kan shigo birni da sassafe da itacen girki ko hatsi ko kara, ya sayar, sannan ya tsaya a juji ko a ƙofar gidan da ya saba da su, ya cika mangala da toka da kashin awaki da na tumaki da sharar tsakar gida, ya kora jakinsa ya koma. A gona sai a zube takin tsibi-tsibi a jere, a bar shi har gab da saukar ruwa kafin a baza. Geron da dawar da suka sha wannan taki su ne za su dawo birni da kaka, a ci, a ba dabbobi dusa da harawa, su kuma su sake cika mangala. Ta haka sinadaran da ke ciyar da tsiro, waɗanda a yau ake saye a buhu, suke kai da komo tsakanin murhu da kunya, sharar gari kuwa tana da mai nema har ƙofar gida.

Kuskure ne a mayar da wancan zamani aljannar duniya, kuma duk wanda ya yi haka ya raunana hujjarsa da kansa. Clapperton ɗin da ya ambaci lambunan birnin shi ne kuma ya koka da fadamar da ta kusa raba garin biyu, da kwantaccen ruwan ramukan gini, yana ganin su ne tushen rashin lafiyar wurin. Kududdufi matattarar sauro ce, ruwansa na ɗauke da tsargiya, inda ake sha kuma a wancan zamani akwai kurkunu, gawar dabba da ƙazantar unguwa a cikinsa suke ƙarewa, kuma da wuya damina ta wuce bai ci yaro ba. Bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Kano a 1903, suka zo da aƙidar cewa duk ruwan da ke kwance abokin gaba ne. Sun ware wa kansu unguwa a Nasarawa, dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, aka kuma ɗauki duba-gari suna leƙa randuna da kwatami. Da ruwan famfo daga Challawa ya iso a farkon shekarun 1930, sai darajar rijiya da ta ramin da ke ciyar da ita ta fara raguwa a idon masu mulki. Ganewar cutar daidai ce. Inda aka yi tuntuɓe shi ne da aka ɗauka cewa tunda kududdufi yana da illa to ba shi da aiki, alhali maganin ruwa mai datti shi ne a tsare shi daga datti a kuma bar kifin da ke cin tsutsar sauro ya yi nasa aikin.

Abin da ya ƙarasa rusa tsarin shi ne girman gari da sauyin kayan gini. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka cika Sabon Gari da Fagge, aka ƙirƙiri jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur ya biyo baya. Garin da ƙidayar 1952 ta ba shi mutum wajen dubu 130 ya zama, a ƙidayar 2006, tarin ƙananan hukumomi 8 masu jama'a sama da miliyan 2.8. Da bulo da siminti da kwano suka maye gurbin tubali da azara, kududdufi ya rasa dalilinsa na farko, domin babu mai buƙatar ƙasarsa kuma. Da filin gini ya yi tsada, sai ya sami sabon dalilin mutuwa, domin kowane rami fuloti ne da ke jiran cikowa. Hanyar cikowar ma sananniya ce: a fara zuba shara a gefe, shekara kan shekara bakin ruwan yana matsowa ciki, sai wata rana a ga tifa ta sauke marmara a kan bolar, a kafa harsashi. Wanda ya san hanyar Jami'ar Bayero ta gefen badala, daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, shekaru arba'in da suka wuce, ya san yawan ruwan da ke kwance a inda yanzu shaguna da gidajen mai suke.

Ruwan sama kuwa bai ragu ba don an cike masaukinsa. A ƙasa mai ciyawa da itatuwa kaso mai yawa na ruwan da ya sauka nutsewa yake yi, amma a kan kwano da kwalta da daɓen siminti kusan dukkansa gudu yake yi nan take, saboda haka ruwan awa guda a watan Agusta, wanda a da zai rarrabu cikin ɗaruruwan ramuka, yanzu yakan taru a lokaci ɗaya a kan magudanar da leda ta riga ta toshe, ya tumbatsa ya shiga gidajen da aka gina a kwari. Asarar ta biyu ba a ganinta sai da rani, lokacin da rijiyoyin da ba su sami abin da zai ciyar da su ba suka ƙafe, mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse yana zurfafawa, marar hali ya koma jiran 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki. Ambaliyar Agusta da ƙishin Afrilu ciwo ɗaya ne, ko da yake ofisoshi daban-daban ne ke kula da su. Zafin gari ma yana da alaƙa da wannan, domin ruwa da ganye suna sanyaya iska ta hanyar tururin da ke tashi daga jikinsu, siminti da kwalta kuwa suna haɗiye zafin rana su riƙa amayar da shi cikin dare, abin da Luke Howard ya fara aunawa a London tun 1818, wanda kuma duk mai kwana a ɗakin bulo da rufin kwano a watan bazara ya san shi ba tare da ma'auni ba.

Jakara ta sami nata rabon ta wata fuska. Ruwan kwatamin unguwanni da jinin mayanka suna shiga cikinta tun daga cikin birni, sannan rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai, kamar yadda na Sharaɗa da Challawa ke gangarawa kudu. A nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta, domin a kansa duk wata dabarar gyara za ta tsaya ko ta faɗi. Ƙazantar gida da ta dabba abu ne mai ruɓewa, wanda ƙananan halittun cikin ruwa da hasken rana za su iya narkarwa har ya zama taki. Amma sinadarin kuromiyom da majemun zamani ke amfani da shi wajen jeme fata, da dalma da makamantansu, ƙarafa ne da ba sa ruɓewa, sai dai su kwanta a laka, su shiga jikin ganye da kifi, daga nan su shiga jikin mai ci. 'Yan lambun da ke bin gaɓar Jakara suna jan wannan ruwa da injin ban ruwa zuwa fangalin latas da kabeji da alayyafo, suna ciyar da kasuwannin gari da ɗanyen ganye a tsakiyar rani, su ne ragowar tsohon kewayen, kuma su ne suka fi kowa shan dafinsa. Abin da ya wuce su kuma ya tafi madatsar Wasai da aka gina a 1976. A zango na biyu na gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe sashen Jakara na cikin gari da kankare a shimfiɗa titi a kai. Ga mazauna bakin rafin, waɗanda suka sha wari da sauro shekara da shekaru, wannan sauƙi ne na gaske da bai kamata mai nazari daga nesa ya raina ba. Sai dai ruwan da aka rufe bai tsarkaka ba, an dai kawar da shi daga ido, kuma yana fita da sauri fiye da da zuwa kan na ƙasa.

Wasu birane sun bi wannan hanya kafin Kano, sun kuma juyo. Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya fara rufe rafin Cheonggyecheon a 1958, ya ɗora masa gadar sama da aka kammala a 1976, sannan tsakanin 2003 da 2005 ya rushe gadar ya buɗe kilomita 5.8 na rafin. Aikin ya yi kyau a ido, amma ruwan da ke gudana a ciki injuna ne ke turo shi, kimanin tan dubu 120 a kullum, mafi yawa daga kogin Han, don haka ya fi kama da ƙawa mai tsada fiye da rafin da ya farfaɗo. Ƙasar Sin kuma tun 2015 take gwada abin da ta kira birni mai kama da soso, wato mai tsotse ruwan sama ya riƙe shi a tafkuna da filayen ciyawa, wanda in an cire masa ado kududdufi ne da aka yi wa tsari.

Misalin da ya fi kusa da aljihun Kano da yanayinta yana gabashin Kolkata a Indiya. A can akwai fadama mai faɗin hekta 12,500 wadda ruwan kwatamin birnin ke kwarara cikinta, masunta da manoman wurin kuma suka gano da kansu yadda za su riƙa shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin tafkuna marasa zurfi, waɗanda ba su wuce mita guda ba. Rashin zurfin shi ne sirrin: rana na ratsa ruwan har ƙasa, gansakuka na yaɗuwa tana sakin iskar da ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta suke buƙata, kifi na cin gansakukar, ruwan da ya fita kuma a yi ban ruwan shinkafa da kayan lambu da shi. Wani injiniyan tsaftar gari mai suna Dhrubajyoti Ghosh ne, a farkon shekarun 1980, ya bi sawun ƙazantar birnin don ya ga inda take ƙarewa, ya tarar da talakawa suna yi wa miliyoyin mutane aikin da injin tace ruwa zai yi, suna kuma fitar da dubban tan na kifi a shekara. Sauran rayuwarsa, har rasuwarsa a 2018, ya ƙare ta ne wajen kare wurin daga masu yanka fuloti. Babbar kotun Kolkata ta hana cike wani sashe nasa a 1992, an sanya shi cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2002, aka yi masa doka ta musamman a 2006, kuma kotun ƙolin Indiya a 1996 ta umarci majemun birnin su tashi zuwa wani keɓaɓɓen wuri da za a tace ruwansu daban. Duk da haka ana ci gaba da gutsurar fadamar daga gefe, da shara da marmara, kamar dai yadda ake yi wa ramukan Kano.

Abin da Kolkata ta yi wanda Kano ba ta yi ba shi ne ta ba ruwan suna da iyaka a takarda. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna a matsayin amana, kuma a taswirar mai rabon fili kududdufi fanko ne, ba a rubuta cewa yana riƙe ruwan unguwa kaza ko yana ciyar da rijiyoyi kaza ba. Amfaninsa ya warwatsu a kan dubban gidaje da babu wanda zai iya nuna nasa kason, ribar cike shi kuwa tana tafiya dunƙule zuwa hannu ɗaya, kuma a irin wannan takara sananne ne wanda ke yin nasara. Ta fuskar fasaha aikin ba mai wuya ba ne: a ƙidaya ramukan da suka rage a shata iyakarsu, a raba ruwan majema da na gidaje tun daga tushe, a kewaye bakin ruwa da ciyayi masu tace laka, a zuba kifi, a dasa inuwa. Ko a zancen inuwar ma akwai abin dubawa, domin darbejiya, wadda aka shigo da ita daga yankin Indiya a zamanin Turawa, ta mamaye tituna saboda jurewarta, amma ba ta ba da abin da tsamiya da ɗorawa da kuka da ceɗiya ke bayarwa na abinci ga mutum da tsuntsu da jemage.

Kewayen taki bai mutu gaba ɗaya ba, ya dai canja kama. Inda jaki ke ɗaukar mangala yanzu tifa ce ke sauke lodin bola a gonakin bakin gari, manoma na biya, domin takin zamani ya yi tsada kuma ƙasar jigawa ba ta riƙe shi kamar yadda take riƙe na gargajiya. Sai dai sharar da ke zuwa ba irin ta da ba ce, tun da leda ta shiga kasuwa, ruwan leda ya biyo ta a shekarun 1990: a cikin lodi guda akwai toka da kashin dabbobi, akwai kuma fasassun kwalabe da matattun batura da tsummokin roba. Manomi da 'ya'yansa sukan yi kwanaki da manjagara suna tsince abin da za su iya, su tara shi a gefen gona su cinna masa wuta, baƙin hayaƙin ya bi iskar hunturu ya koma cikin gari, abin da ya kuɓuce musu kuma garma ta binne shi, shekara mai zuwa a same shi nannaɗe da saiwar gero.